Shan inuwa da zama inuwa

Wata ranar Talata ce cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da kwanon kilas ɗinmu ya soma ƙara don zafi, mushen Ingilishi ya rubuta kalma biyu a tabulo: shade da shadow. Ya ce mu fassara. Baki ɗaya muka ce «ombre». Ya ce to, da Hausa fa? Muka ce inuwa. Ya ce ta biyun fa? Muka ce ai ita ma inuwa ce. Ya yi dariya, ya ce Bahaushe da Bafaranshe sun haɗa, Bature na Ingila ya raba. Shade ita ce wurin da rana ba ta kai ba, inda mutum ke fakewa, ba ta da siffa. Shadow kuwa siffar abu ce da haske ya yar a ƙasa, tana da kai da ƙafafu, ka tafi ta bi ka, ka tsaya ta tsaya. Ƴan kilas suka rubuta cikin kaye, aka wuce zuwa wani darasi. Ni kam ban wuce ba, kuma zan gaya muku dalili in mun yi nisa.

Da na koma masauki na buɗe ƙamus ɗin da na aro. Abu na farko da na gani, su ma can da kalmarsu ɗaya ce. A tsohon Ingilishi ana cewa sceadu, daga baya ta rabu biyu kamar hanyar gona. Abu na biyu, kalmar shade ta yi ƴaƴa da yawa. Ana kiran ɗan bambancin launi da ita, kamar yadda marini ke fitar da shuɗi tun daga mai haske har zuwa wanda ya kusa zama baƙi. Ana kiran ɗan siririn bambancin ma'ana da ita. Baƙin tabarau shades ne. Murfin fitila da labulen taga duk suna cikin dangin. A tsofaffin littattafansu har ruhin mamaci shade ne, abu mai kama da mutum amma babu jiki. Har nan ban damu ba. Inda na tsaya shi ne wurin shady. In an ce icce shady ne, yabo ne. In an ce mutum shady ne, to an ce shi mai rufa-rufa ne, kada ka ba shi ajiya. Suna cewa wane ya saka wane cikin shade, ma'ana ya dushe shi. Matasan Amurka kuma suna cewa throw shade, wato jefa inuwa, maganar da ta fito daga bakin baƙaƙen fata na birnin Niyok a shekarun 1980. Mu nan gugar zana muke ce mata, ko habaici. Faransanci ma bai tsira ba: in an ce an saka mutum «à l'ombre», kaso aka kai shi.

Ku duba fa, ƴan uwa. Abin da mu muke roƙo, su zagi ne a bakinsu. Ba wani abin mamaki ba ne in aka tuna ƙasarsu. Mutumin da ke yin makonni bai ga rana ba, ina zai ƙi ta? Laimarsu ma, umbrella, asalin sunan daga Italiyanci yake, ma'anarsa ƴar ƙaramar inuwa, amma su ruwan sama suke tarewa da ita. Mutumin kirki a wurinsu mai ɗumi ne, mu a wurinmu mai sanyin hali ne. A darasin filo an ba mu labarin Diyojin, wanda sarki Alezandar ya tarar yana shan hantsi a birnin Korinti, ya tambaye shi abin da yake so, shi kuwa ya ce sarki ya gusa ya daina tare masa rana. Muka tafa. Amma in da a bakin kasuwar Maraɗi Diyojin yake cikin watan Mayu, wallahi cewa zai yi ranka ya daɗe tsaya nan, kada ka motsa. Haka Aflatun da kogonsa: inuwa ƙarya, rana gaskiya, mai hankali shi ne wanda ya fita. Mun haddace don bak, alhali kowa cikinmu ya san mai hankali da azahar shi ne wanda ya shiga. Ko zafin da ake faɗi a rediyo, digiri 43 ko 44, cikin inuwa ake auna shi. Zafin da mai tura baro ke sha tsakiyar titi ba ya cikin lissafin ma'aikatan yanayi.

Mu a Hausa inuwa shan ta ake yi, kamar ruwa. Mutum biyu in sun ɓata sai a ce ba sa shan inuwa ɗaya, kuma babu wanda zai tambayi ƙarin bayani. Muna kiran Muhammadu da Inuwa. Kowace ƙungiya a ƙarƙashin inuwar wani abu take taro. Tun muna makarantar allo muka ji hadisin mutum bakwai da Allah zai sanya cikin inuwarsa ranar da babu wata inuwa. Kalmar ba ta da muni a kunnenmu, shi ya sa in an ce wane yana cikin inuwar wane, alheri kawai muke ji. Ba mu da kalma ta biyu da za ta tambaye mu: kana shan inuwarsa ne, ko kai ne ka zama inuwarsa?

Ga dalilin da na ce zan faɗa. Ni ɗan ƙauye ne, daga wajen Tasawa. Da na ci birebe aka turo ni lise a Maraɗi, babana ya kawo ni gidan wani aminin mahaifinsa, ɗan kasuwa, wanda nake kira Baba. Shekara uku ke nan ina gidan. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Ɗaki ɗaya muke da ɗansa, akwai kuran, akwai fanka. Da sallah in an ɗinka wa ƴaƴansa an ɗinka mini. Duk wanda ya yi zaman gidan mutane don karatu ya san wanga ba ƙaramin rabo ba ne, don mun san ƴan uwanmu nawa suka koma gona saboda rashin masauki, ba rashin kai ba.

A gidan akwai wani yaro, shekarunsa ba su wuce goma sha huɗu ba, yana shara, yana wanke mota, yana zuwa aike. Mako uku kafin wancan darasi na Ingilishi, wayar Hajiya ta ɓata. Aka duba ko'ina ba a gani ba. Aka ce yaron ne ya shiga ɗakin da safe. Ya rantse, ya yi kuka, aka mare shi, aka zazzage ƴar jakarsa a tsakar gida, ba a sami komai ba, duk da haka aka ce ya tafi. Ina tsaye bakin ƙofar ɗakinmu da littafi a hannu. Na san inda wayar take. A daren jiya na ga ɗan gidan ya cire mata kati ya tura ta ƙarƙashin katifa, kuma na san bashin da ake bin sa a fada. Yaron ya dube ni sau ɗaya lokacin da yake tattara kayansa. Na mai da idona kan littafi.

To, ranar da mushe ya ce shadow ba ta da motsi nata, sai na mai ita, na ji kamar sunana ya kira. Gidan ya yi shiru, na yi shiru. Gidan ya ce ɓarawo, ban ce a'a ba.

Na kai maganar fadarmu, ban faɗi gidan ba, na ce wani ne abin ya faru da shi. Shayi bai kai na biyu ba gardama ta kaure. Wani abokina, wanda shi ma ɗan masauki ne, ya ce ai babu abin tattaunawa: in baki ya ci, ido ya ji kunya. Mutum ya ɗauke ka, ya ciyar da kai, sai ka tashi ka tona asirin ɗansa gaban matarsa da maƙwabta? Wannan butulci ne, kuma butulu ba ya gamawa lafiya. Wani kuma, ɗan birni da ke kwana ɗakin uwarsa, ya ce tsoro ne kawai, ragwanta ce, in shi ne da nan take zai faɗa. Na dube shi na yi shiru. Ban ce ƙarya yake ba, amma wanda iccensa ke tsakar gidansu bai san kuɗin inuwa ba. In an kore shi daga wani wuri gida zai koma ya ci tuwo. Ni in an kore ni, karatun ne ya ƙare, da wahalar da uwata ta sha tana sai da awaki, da ƙannena da ake cewa su jira in gama. Gaskiya tana da tsada, kuma ba farashi ɗaya ake saye ba. Wannan ya kamata masu saurin yanke hukunci su riƙa tunawa. Ko inuwar icce ma ba a raba ta daidai ba: wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ga yadda titunan Filato ke lulluɓe da itatuwa, ya kuma ga sababbin unguwannin bayan gari inda akuya ke bin gindin bango tana neman inda za ta raɓa.

Amma maganar abokina ta farko ita ta fi damuna, domin ita ce nake gaya wa kaina tun ranar. Godiya. Kunya. Halacci. Kalmomi masu kyau, waɗanda aka raine mu da su, kuma ban yarda a yi wasa da su ba. Na daɗe ina juya su kafin in ga inda suka yoye.

Akwai wani tsohon labari na Girkawa. Wani ya yi hayar jaki don tafiya, mai jakin na biye da shi. Rana ta take, babu icce ko ɗaya, sai mai haya ya sauka ya zauna a inuwar jakin. Mai jaki ya ce tashi, jaki na ba ka haya, ban ba ka inuwarsa ba. Suka yi ta jayayya har gaban alƙali. Ana ba da labarin don a yi dariyar masu shari'a kan abin banza, amma ni tambayar ta kama ni ta bayan gida: in mutum ya ba ka inuwa, me da me ke cikin cinikin? Baba ya ba ni ɗaki da abinci. Me ya ce in biya? Da na zauna na tuna sosai, abin da ya ce wa babana ranar da aka kawo ni shi ne: ya yi karatu, ya yi salla, kada ya bi ƴan banza. Ke nan. Bai taɓa cewa in ga ƙarya in rufe ba. Ni ne na ƙara wannan a kan kuɗin haya, ni na kai harshena na ajiye ba wanda ya tambaye ni. Kuma ina jin da yawa cikinmu haka muke yi, a gidan masauki, a wurin mai gidan aiki, a bayan ɗan siyasar da ya biya mana kuɗin rajista. Muna biyan abin da ba a ce mu biya ba, tun kafin a tambaya, sannan mu ce an tilasta mu.

Sannan in godiya ce da gaske, wa ta amfana? Mai godiya alherin wanda ya taimake shi yake so. Shirun da na yi ya bar Baba da alhakin yaron mutane a wuyansa bai sani ba. Ya bar shi da ɗa mai ɗauke-ɗauke, wanda ya ga an kori wani a madadinsa, ya kuma koyi cewa abin yana yiwuwa. Ya bar Hajiya tana zagin wanda bai ci mata komai ba. Mutum ɗaya tak shirun ya yi wa rana, shi ne ni: katifata, fankata, kwanon tuwona. Ashe tsoro ne ya ari rigar kunya ya sa, har ni mai shi ban gane shi ba. Ɗan birnin nan na fada ya faɗi gaskiya, ko da yake bai san nauyinta ba.

Kada wani ya karanta wanga rubutu ya ce Baba mugun mutum ne. Ba haka ba ne. Ya gina rijiya a garinsu, yana ciyar da almajirai kowace Juma'a. In zan yi masa ƙorafi, sai dai in ce wani lokaci inuwarsa ta giginya ce, na nesa ka sha, yaron da ke gindinsa yana shara rana ta dake shi. Hausawa sun san inuwa iri-iri ce, shi ya sa suka ce ta bagaruwa ga sanyi ga ƙaya. Kalma ɗaya gare mu, amma mun rataya wa kowane icce halinsa.

Ni iccen da na fi sani gawo ne, don cikinsa na tashi. Duk ɗan manomi ya san abin mamakinsa: da rani, lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara, shi yake da ganye, dabbobi su taru ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su bar taki. Da damina ta sauka, hatsi na neman rana, sai ya zubar da ganyen ya bar haske ya wuce. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau, alhali ƙarƙashin mangwaro ko bedi shuka ba ta yin kirki. Kakana yana cewa a zamanin da ake koya wa mutane share gona ƙal, kowane toho sai an sare. Bayan yunwar 1984 ne abin ya soma juyawa a jihar Maraɗi, da abin da muke kira sassabin zamani: ka zaɓi toho mai ƙarfi daga tsohon kututture, ka rage sauran, ka kiyaye shi ya girma. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma yaɗa dabarar a nan tun 1983, manoma suka ɗauka suka kai ta inda bai zata ba, har masana na ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Kowace ranar 3 ga Agusta manya na dasa icce gaban kyamara, amma inuwar da ta dawo karkararmu daga kututturen da aka daina kashewa ta fito.

Na daɗe ina cewa a raina, da ma manyanmu gawo ne, su rufe ka lokacin zafi, su buɗe maka lokacin da kake bukatar tsayawa da kanka. Har yanzu ina fatan haka. Sai dai na lura wannan tunanin ma wata mafaka ce: na ɗora komai a kan icce, kamar ni hatsi ne da ba shi da baki. Hatsi ba ya zaɓen inda aka shuka shi, ba ya kuma ganin an mari yaro. Ni na gani. Kuma ban taɓa gwada iccen ba balle in san ko gawo ne ko mangwaro. Na yanke masa hukunci cewa ba zai ɗauki gaskiya ba, ban ba shi ita ba.

Sai da na kai ƙarshen shekara na faɗa. In gaya muku gaskiya, na zaɓi daren da zan tafi gida hutun damina da safe, don in abin ya ɓaci ina da hanyar gudu; jarumtata iyakarta ke nan. Bayan lisha yana zaune kan tabarma a ƙofar gida shi kaɗai. Na durƙusa na ce, «Baba, akwai maganar da ke cina.» Ya ce, «Faɗi, ɗana.» Na faɗa, muryata na rawa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan tasbaha. Can ya ce, «Tun yaushe ka sani?» Na ce, «Tun ranar, Baba.» Ya ce, «Kana cin abinci gidana wata uku, kana kallona da alhakin ɗan mutane, ba ka gaya mini ba?» Duk amsoshin da na shirya na wata tambaya ce daban. Wannan ban shirya mata ba. Ya ce in tafi in kwanta.

Ba a kore ni ba. Da na dawo a watan Oktoba ɗakina na nan, amma an raba mu da ɗan gidan, kuma har yau ba ma shan inuwa ɗaya. Hajiya ta yi makonni tana amsa gaisuwata da ka. Ban ji an ce an nemi yaron ba, ban kuma tambaya ba. Wani lokaci Baba yakan kira ni ya ba ni lissafin shago in duba masa, abin da bai taɓa yi ba da. Wani lokaci kuma ya wuce ni kamar bai gan ni ba. Ban san wanne ne hukuncinsa ba, wataƙila shi ma bai gama yankewa ba.

Ranar Lahadi da ta wuce na gamu da yaron kusa da tasha, yana tura baro cike da buhunan albasa, ƙarfe ɗaya na rana, babu ko hula. Shi ya fara gane ni. Ya ce, «Yaya, ina wuni?» Muka raɓa gindin wata rumfa, na gaya masa an san ba shi ba ne, na gaya masa ni na faɗa. Ina jiran ya yi murna, ko ya zage ni. Ya share zufa da gefen riga ya ce, «Ai na san ka sani tun ranar.» Sannan ya ce in na koma in gaya wa Alhaji akwai kuɗinsa na wata biyu da ba a ba shi ba, jika goma, da takalminsa da ya bari bayan ɗakin girki. Mai albasar ya ƙwala masa kira, ya kama baronsa ya shiga rana.

Takalmin na samo shi, yana cikin leda ƙarƙashin gadona. Maganar jika goma kuwa yau kwana huɗu tana bakina, kuma Baba yana dawowa daga Kano gobe da dare.